Sista Nuriyya da Ƙafar Baba Hammadu

Ƙarfe takwas Sista Nuriyya take buɗe ɗan ɗakinta a ƙarshen barandar wani asibiti a Birnin Kebbi. Tebur, kujera, sai waya. Aikinta kiran masu ciwon suga da hawan jini da aka sallama, ta ji yadda suka ƙara ji da jiki, don a rage musu wahalar hanya. Shekara tara ta yi a haka. Sau da yawa takan wuni ba wanda ya leƙo ta.

Cikin waɗanda take kira akwai Baba Hammadu, tsohon manomin shinkafa a wani ƙauye bayan Argungu, mai ciwon suga. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna kudu. Kullum amsarsa ɗaya ce: "Lahiya lau, ɗiyata." Daga nan sai ya ja ta da hirar fadama, don ba shi da wani mai kiransa.

Wata rana ya ce yanzu a gida yake salla, masallaci ya yi masa nisa. Ita kuwa ta san masallacin yana ƙofar gidansa, shi ya taɓa gaya mata. Da ta matsa, ya ce ƙaya ce kawai ya taka. Ranar ganin likitansa saura mako uku. Hankalinta ya kasa kwanciya. Ranar Asabar, ranar hutunta, ta shiga motar Argungu, ta ƙarasa a kan babur ɗin kabukabu.

Maƙwabcinsa Kalilu ne ya raka ta. Daga baya Kalilu ya ba mu labari, ya ce sun tarar da tsohon shi kaɗai a zaure, ƙafa naɗe da tsumma, har ta fara wari. Da ta yi sallama Baba Hammadu ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Ashe ke ta." A ranar ta taho da shi asibiti. Yatsu biyu aka yanke. Likita ya ce da an ƙara mako ɗaya, da ƙafar ce gaba ɗaya.

Watan jiya ta yi ritaya. Mutum shida suka zo walimar bankwananta. Ɗaruruwan da ta kula da su ko a hanya suka haɗu da ita ba za su gane ta ba.

Ke ce mai jin abin da mara lafiya ya ɓoye, Nuriyya. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Ku da za ku hau kujerar da ta bari, ku kira, ku saurara da kyau. In zuciyarku ta ƙi kwanciya, ku ajiye wayar ku je ku gani da idonku.