Madam Angelina, Mai Neman Na Tsakiya

Ƙarfe huɗu na yamma, rana ta sassauta amma kwanon rumfa bai huce ba, Madam Angelina za ta sauko daga keke a Dutse Alhaji da alli a jaka. Da safe a makarantar gwamnati take koyar da lissafi. Da yamma kuwa tamu ce: masu shayi, leburori, duk wanda jarrabawa ta taɓa kayarwa. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki ta koma garinsu.

A cikinmu akwai Manniru mai sa tayil. Lissafi ya sha tare masa hanyar karatun gini, har ya rantse in bana bai ci ba, ya haƙura. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne haruffan lissafi a da b a cikin baka biyu, da 'yar lamba a kafaɗarsu, wai a buɗe.

"Madam, abu biyu na zuba, aka ɗora huɗu, biyar suka fito. Haihuwa suke yi?"

"Oga Tayil, suna haihuwa mana. Kai ne kake zubar da na tsakiya."

Ta zana ɗaki a ƙasa, tsawonsa a da b, faɗinsa ma haka. Babban tayil a wannan kusurwa, ƙarami a waccan.

"Ka gama aiki?"

"Haba, sai mai gida ya kore ni! Ga fili biyu a gefe."

"To, su ne na tsakiya."

Daga nan ta jera lambobi kamar dala, kowace jimillar biyun da ke kanta, har ta sauko layin amsar mai lamba huɗu: ɗaya, huɗu, shida, huɗu, ɗaya. Manniru ya sosa ƙeya.

"Na biyu ɗaki ne, na ji. Na huɗu fa, wane irin ɗaki ne?"

"Wannan ɗaki babu shi a Abuja."

Mu dai har yau ba mu gane yadda tayil ya koma dala ba. Amma Madam, ke ce ba ki taɓa ce wa babban mutum daƙiƙi ba. Allah ya saka miki, ya sa masu ilimi su riƙa zuwa rumfa kamar ke.

Jiya Manniru ya duƙufa, ya rubuta ɗaya, huɗu, sai bakin fensir ya karye. Ya ce shi ke nan, alama ce ya haƙura. Madam ta feƙe fensirin da reza, ta ajiye kusa da hannunsa. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ɗauka ya rubuta shida.