Toktobubu Apa, Uwar Baiel

Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, da ƙarfe goma da kwata na safe, Allah Ya karɓi ran Toktobubu Apa (Apa na nufin uwa a harshenmu) a gidanta da ke garin At-Bashy. Shekarunta sittin da takwas. Kwana talatin da shida ke tsakanin rasuwarta da ta Baiel, yaron da ta raina.

Apa, ban cancanci rubuta wannan ba, amma ban ga wanda ya wajaba a kansa kamar ni ba.

Sati uku da kama aikina a ofishin kula da yara na gunduma, tawadar shaidar digirina ta lauya ko bushewa ba ta yi ba, aka miƙo mini fayil ɗinku. Baiel, ɗan shekara tara, yana kwance a asibiti a Bishkek da ciwon daji a ƙashin ƙafar hagu. Likitoci sun ce a yanke ta ba tare da jinkiri ba. Kin yarda. Ɗanki Kubat, wanda ya haife shi, yana aikin gini a Rasha tare da matarsa, ya ce ta waya ba wanda zai taɓa ƙafar sai ya zo. Asibiti ya kai maganar kotu, ni kuma aka ce in rubuta rahoto a kan wa ke riƙon yaron.

Na zo gidanki ranar 27 ga Satumba, kin dawo ɗaukar masa kayan sanyi. Kin kalli takalmina kika ce, "Ke 'yar birni, da wannan za ki taka yankinmu na Naryn? Ko tunkiyata ta fi ki shiri." Kika zaunar da ni kusa da murhu, kika cika mini kofi da shayi mai madara sau huɗu, kika sa mini safar da kika saƙa da hannunki. Kin gaya mini Baiel yana da kwana arba'in aka ɗora miki shi a cinya, kamar yadda a al'adarmu ake bai wa kakanni ɗan fari su riƙe. Muna zaune ya kira ki ta waya daga asibiti. Na ji shi da kunnena yana cewa, "Apa, ki gaya wa Yaya Kubat ya daina faɗa." Mahaifinsa yake kira yaya. Ke yake kira uwa.

Duk wannan na rubuta shi. Sai na goge, domin babu takarda ko ɗaya da ta tabbatar da shi, kuma ina tsoron shugabana ya ce na kawo tatsuniya a rahotona na farko.

Ranar 3 ga Oktoba alƙali ya tambaye ki matsayinki. Kika ce, "Ni ce uwarsa."

Ya ce, "Baba, takarda ta ce kaka."

Kika ce, "Takardar ce ta goya shi da ya yi ƙyanda? A kira ta ta zo ta faɗi abincin da ba ya ci."

Aka yi dariya, har alƙalin. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Wakiliyar ofishi, akwai abin da ke nuna ita ke riƙonsa?"

Na ce, "Babu takarda, ranka ya daɗe."

Ban yi ƙarya ba. Amma ba takarda ya tambaye ni ba. Na san zan iya faɗin abin da na gani, in roƙi kotu ta ba ki riƙo na wucin gadi. Na ci jarrabawa a kan haka a watan Yuni. Na yi shiru. Aka ɗage zama zuwa 22 ga wata domin a jira Kubat.

A bakin kotu ke kika zo kika riƙe ni. Kika tura mini busasshen nono a aljihu kika ce, "Ci, 'yata, fuskarki ta yi fari. Aikinki kika yi." Da kin zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kubat ya zo, ya ga ɗansa, ya sa hannu yana kuka tun kafin a koma kotu. An yi aikin. A watan Disamba aka ga ciwon a huhu. Na tambayi likita ko jinkirin ne ya jawo. Ya ce ba mai iya cewa e, ba mai iya cewa a'a. Na koma na sake tambayarsa, amsar ba ta canza ba.

Ban zo gaisuwar Baiel ba. Na sayi tikitin mota sau biyu, na kasa shiga. Kika aiko maƙwabciyarki ta tambaya ko lafiya nake. Ina shirin zuwa idan hanya ta yi kyau, sai ga wannan labari.

Don haka zan faɗa a nan, da sunana, abin da ya kamata in faɗa a gaban alƙali. Ni Cholponai Ismailova na je gidan, na gani, na ji. Toktobubu ita ta raini Baiel tun yana kwana arba'in, kuma ita ce uwarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Kubat da matarsa Gulzat, waɗanda suka binne ɗa da uwa a sanyi ɗaya, da 'yarki Burul, da dukan mutanen At-Bashy. Allah Ya ba ku haƙuri. Ban nemi ku yafe mini a takarda ba, zan zo sadakar arba'in in tsaya a gabanku.

Allah Ya jiƙan ki, Apa, Ya yalwata kabarinki, Ya sada ki da yaronki a inda ba mai tambayar ki hujja. Amin.