Muryar Inna a Bakin Hamisu

Ranar Alhamis ce, ranar kasuwar Shinkafi. Ina tsakar gida ina tankaɗe, rediyo na kan turmin da na kife, ina jiran shirin gaishe-gaishe na ƙanena Hamisu, wanda masu sauraro suka fi sani da Ɗan Tasha. Lokacin shirin ya yi, ban ji sallamarsa ba, sai karatun Alƙur'ani. Na ɗauka tasha ce ta goce, na murɗa na dawo, karatun dai. Da aka kai aya, wani abokin aikinsa ya fara magana, tun bai kai ga sunan ba rariyar ta faɗi daga hannuna. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Maƙwabciyata Balki ce ta fara sakin kuka ta bayan katanga, ta shigo, ni na riƙe ta. Direban da iyalinsa suka aiko da saƙo bai iso ba sai bayan la'asar, an riga an kai shi makwancinsa. Ni da muka fito ciki ɗaya, tare da mai shayi da mai facin taya muka ji.

Sunana Saratu. Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, shi ne auta. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da hakan ke nufi. Mahaifiyarmu, Inna, ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah. Kunyar ɗan fari ce, ba ƙiyayya ba, na sani. Ana yaye ni aka kai ni Zurmi wurin kakata. In na zo gida Ƙaura hutu, "ke waccan" nake, ko ta yi gyaran murya in juyo. Shi kuwa daga asuba zuwa magariba sunansa ne a bakinta, Hamisu zo ka ci, Hamisu sauko daga katangar nan. Ina zaune ina ji.

Gidanmu na bayan tashar jirgin ƙasa, can ya samo laƙabinsa, can kuma ya koyi sana'arsa ba tare da malami ba. Yakan yi kukan jirgi har masu tallan gyaɗa su ɗauki farantansu su ruga. Yakan yi muryar dillalin hatsi da ta mai saye a baki ɗaya, su yi ciniki su ɓata su shirya. Baba ya sha zane shi a kan haka, amma Hamisu bai taɓa kwaikwayon mai in'ina ko gurgu ba, ko yana yaro. Da ya girma yakan ce murya aro ce, wanda ka ara a wurinsa ya kamata ya ji ya yi dariya tare da kai.

Ya fara aikin rediyo a Sakkwato. Da aka ba mu jiharmu ya dawo Gusau cikin waɗanda suka fara aiki da 'yan kayan da aka samu. Da Shari'a ta zo aka rage kiɗa a shirinsa, wasu suka ce shirin ya mutu. Bai yi gardama da kowa ba. Inda a da ake sa waƙa tsakanin gaisuwa da gaisuwa, sai ya sa akuya da jaki su yi musu a kan farashin dawa. Malaman da aka ce za su hana shi, 'ya'yansu ne suka fi kowa aiko da gaisuwa. Yakan ce wanda ya kunna rediyo ƙofar ɗakinsa ya buɗe maka, sai ka tuɓe takalmi kafin ka shiga.

Yana da ƙa'ida ɗaya: ba ya gaida danginsa a shirin. Ya ce lokacin na jama'a ne. Haka nake zaune kowace Alhamis ina jin yana gaida matan Katuru da na Banga, sunansu da na 'ya'yansu, yana tambayar wadda ya san ta haihu ko jaririn ya fara zama. Ni ko sau ɗaya. Na haƙura da wannan.

Abin da ban haƙura da shi ba ya zo ne bayan rasuwar Inna. Aka kawo wani katun na yara, zane mai motsi da ke koyar da tsafta da rigakafi, aka ba shi ya sa muryoyin da Hausa. A ciki akwai wata tsohuwar kaza da 'yan tsakinta. Ranar da aka haska shi a majigi a filin makarantar unguwarmu, ina cikin gida, sai na ji Inna tana faɗa ta lasifika. Tarinta, jan numfashinta kafin ta yi tsawa, yadda take cewa "to, madalla" in ranta ya ɓaci. Na zauna a ƙasa. Kazar nan tana kiran 'yan tsakinta ɗaya bayan ɗaya, kuma sunayen yaran masu sauraronsa ne ya ba su. Uwata ce ke kiran 'ya'yan mutane da bakinta, a gaban gari.

Da ya zo gaishe ni, na bari ya ci tuwo ya wanke hannu, sannan na ce masa ina da buƙata. Shi ma bai taɓa faɗin sunana ba, Yaya yake ce mini.

"Ka kira ni da muryar Inna. Sau ɗaya. Ka ce Saratu."

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya daina.

"Yaya, abin da ba ta faɗa ba da ranta, ni in sa mata a baki?"

"Ai ka sa mata sunayen ɗiyan Katuru."

Ya ce in ba shi lokaci, abin ya yi masa nauyi, amma in ya zo da Sallah zai yi, mu biyu kawai, ba a kaset ba. Ciwon dare ɗaya da ya ɗauke shi bai jira Sallah ba.

Wurin zaman makoki a Ƙaura mata suka cika gidan har zaure. Wata ta ce shi ya raba ta da kaɗaici lokacin takabarta. Wata ta ce ɗanta bai yarda da allura ba sai da kazar ta ce a yi. Kowace da nata Hamisun, kowace na kuka kamar ita aka yi wa mutuwa. Na amsa gaisuwarsu, na gode musu, kuma Allah ya sani raina na cewa ku kun samu, ku bar ni da nawa kukan.

Malam Isa, abokin aikinsa da ya yi sanarwar, ya nemi ganina a zaure. Ya ce akwai babbar 'yar tsako a katun ɗin, masu rubutun sun ba ta suna, amma Hamisu ya ƙi faɗinsa, aka yi ta maimaita ɗauka har aka gaji aka bar shi. Hamisu ya ce musu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari. "Ke waccan" kazar ke ce mata, kuma in an lura ita take ture wa ƙwayar da ta fi girma in sauran sun juya baya. Na tuna ƙullin ƙuli-ƙuli da nakan tarar cikin kayana duk ranar komawa Zurmi, wanda ba wanda ya taɓa cewa shi ya sa. Na gode wa Malam Isa. Na gane abin da ƙanena ya yi. Sai dai ba shi na roƙa ba.

Ya Allah ka jiƙan Hamisu, ka yafe masa kurakuransa, ka sa dariyar da ya ba marasa lafiya da masu kaɗaici ta zama nauyi a mizaninsa. Ka haskaka kabarinsa, ka haɗa shi da Inna da Baba a gidan rahama. Ka ba matarsa Hauwa haƙuri, ka raya yaransa cikin imani, ka sa su gaji kunyarsa. Masu sauraronsa ma ka ba su haƙuri, ka wanke mini abin da ke raina game da su. Amin.

Malam Isa ya aiko mini da kaset ɗin katun, yana cikin kwalla ban kunna ba. Sallah ta matso. Har yau ban ji sunana da muryar Inna ba, kuma babu sauran wanda ya iya ta.