Dogo Har Yau Bai Sami Aiki Ba

Rabona da Dogo tun shekarar da ƙanƙara ta toshe garin Salford, nan ƙasar Turawa, har gidan burodinmu ya rufe. Sai jiya na gan shi a layin ganin likita a GP, kansa duk furfura.

Dogo Bature ne, ɗan matar da ta ba ni ɗaki da na zo daga Kumasi. Kafin ta rasu ta riƙe hannuna, ta ce in tabbata yaron nan ya sami aiki. Na kai shi gidan burodi, suka kore shi don ba ya komai sai laɓewa yana sauraron hirar ma'aikata.

Na ce, "Dogo, ina kake aiki yanzu?"

Ya ce, "Baba, wasannin talabijin nake rubutawa, na leburori irinku. Har lambar yabo an ba ni."

"Shift ɗin safe ko na yamma?"

Ya ce babu shift.

"To wane ne oganka?"

Ya ce babu oga.

Na ce, "Ashe yanzu zaman banza ma ana ba shi lambar yabo!" Ya yi ta dariya har nas ta leƙo.

'Yata likita ta ce har Birmingham an san shi. Na ce ni ma duk unguwar Whalley Range an san ni, sani aiki ne?

Jama'a ku faɗa mini, alkawarin da ka yi wa mamaci yana tsufa? Ni dai gobe da safe zan hau bas zuwa wurin surukina, na ji yana neman mai gadin sito.