Ranar da Aka Ɗauki Inuwarmu

Wata Alhamis cikin daminar shekarar da na shiga aji huɗu, muna carafke a filin makarantarmu, a wani ƙauye kusa da Sandamu, sai ga ƙanwar hedimasta da kyamarar bidiyo a hannu. Anti Bilki muke ce mata. An ce zane-zane ta karanto a Zariya, abin da kakata ke kira karatun rashin aikin yi. Ta tara mu 'yan mata ta ce mu yi gaɗa kamar ba ta wurin. Muka yi ta tafi muna faɗawa ana cafewa, kowa na gyara ɗankwali don ta fito da kyau. Abu ɗaya ya ɗaure mini kai: ko sau ɗaya ba ta haska fuskokinmu ba, ƙasa kawai take ɗauka.

Da sati ya zagayo aka toshe tagogin ajinmu da tabarmi, aka tayar da janareta, muka cika ɗakin maƙil har da yaran da suka sulale daga gona. Hoton ya fito a talabijin, amma babu mutum ko ɗaya a ciki. Inuwoyi ne baƙaƙe a kan rairayi, suna haɗewa su zama wata halitta mai hannuwa barkatai, su sake rabuwa, ga muryoyinmu suna fitowa kamar daga cikin rijiya. Anti Bilki ta ce so take ta ga ko mutum zai gane kansa a cikin taro in an cire masa fuska. Ni kam na gane kaina, domin ni kaɗai nake ɗaurin ɗankwali mai kunne biyu. Nan take na tuna yadda kullum Kaka ke ja mana kunne: "Kada ku bari baƙo ya matso muku inuwa, ta nan maye ke kama kurwa."

Ba a jima ba zazzaɓi ya rufe ni, ko guga ba na iya ja. Ina rawar sanyi ina leƙen ƙasa in ga ko inuwata na nan, na sakankance mutuwa zan yi. Baba ya ce cizon sauro ne, ya sayo magani a Daura, amma Kaka ba ta ko saurare shi ba. Da hantsi ta goya ni, ƙafafuna na jan ƙasa, mata suka ajiye taɓare suka biyo mu har ƙofar gidan hedimasta. Ta shimfiɗe ni a ƙasa ta ce Bilki ta fito ta tsallake ni, kamar yadda ake sa maye ya yi don ya saki wanda ya kama.

Hedimasta ya yi ta roƙon ƙanwarsa kada ta kuskura, domin tsallakewa amsa laifi ne a gaban jama'a. Ita kuwa ta durƙusa kusa da ni ta dafa goshina. "Ladidi, in na tsallake ki za ki daina jin tsoro?" Haƙorana na kaɗawa, na gyaɗa kai. Sai ta cire takalmanta ta tsallake ni.

Na shanye maganin Baba na warke, kuma warkewar tawa ita ce ta zama shaida a kanta. Mata suka daina amsa gaisuwarta, yara suka riƙa shewa da gudu in sun hango ta. Kafin a yanke gero ta tattara kayanta ta tafi, ba ta sake dawowa ba.

Yanzu 'ya'yana da ƙawayensu wuni suke suna ɗaukar junansu a waya, suna rawa suna sauya fuska suna dariya, babu mai fargabar komai. Nakan zauna ina kallonsu ina tunanin da yau Anti Bilki ta zo, da rububinta za su yi. Ni na tashi da ƙafafuna daga inda Kaka ta shimfiɗe ni, ita kuwa har yau a ƙauyenmu ba a ambaton sunanta sai an rage murya.