Ruwan da Malam Ya Zuba wa Zogale

Ta yaya mutum zai kalli hoton ƙafa a waya ya ba da magani, bai tambayi ko mai ƙafar yana iya tashi ba? Har yau ban sami mai amsa min ba. A rubuta shi yadda na faɗa.

Malam, maigidana, ya shekara shida da ciwon karkarwa. Mutumin da ke noma dawa da auduga a Gozaki ya koma sai na kama shi yake miƙewa, daga tabarma zuwa bayi sai ya tsaya sau uku. Da ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, babban ɗan gidan nan ya ɗauki hotonsu, ya kai wa wani mai kemis ranar kasuwar Kafur. Ya dawo da ƙananan ƙwayoyi, wai masu fitar da ruwan jiki ne, kullum ɗaya da safe.

Ni ce nake ba shi da hannuna. Har albarka na sa wa mai kemis ɗin ranar da takalmin ya shiga.

To amma Malam mutum ne da ke yin Azahar da La'asar da alwala ɗaya tun ina amarya. Yanzu fitsari ya matsa masa, ƙafa kuma ba ta sauri. Ran wata Juma'a abin ya kufce masa a cikin sahu. Ya dawo, ya miƙo min wandon yana kallon ƙasa. Bai sake zuwa masallaci ba.

Ƙwayar dai ya ci gaba da sha, don kada a ce ya raina wahalar ɗansa. Ruwa ya daina sha. Ni kuwa ina ganin moɗa ba komai ina murna, ashe a gindin zogalen da yake zama yake juyewa. Zogale ya yi kore shar, mijina yana bushewa a gabana.

Wata rana da hantsi ya miƙe, jiri ya kwashe shi, ƙugunsa ya karye. A asibiti a Funtua likita ta juya kwalin ƙwayar, ta tambaye mu wa ya rubuta.  Ta ce mai irin ciwonsa dama jininsa kan sauka in ya miƙe, ƙwayar ta ƙara, ga rashin ruwa. Ta ce kumburin ma mai yiwuwa na yawan zama ne, da an kawo shi da sai ta duba tukuna, wataƙila ɗora ƙafa kan matashi da ɗan tattaki su wadatar. Matashi! Guda huɗu ne a ɗakina.

Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da Allah ba. Amma an ce min mai kemis ɗin yana nan, yana duba wayoyin mutane.

Kwanan Malam tara a gadon asibitin. Ranar ƙarshe ya ji kiran salla, ya lalubo hannuna ya ɗora a kan cinyarsa.

"Baiwar Allah, taɓa ki ji. A bushe nake? Ina so in yi La'asar."