Rigunan Ƙwallon da Kakana Ya Rina

A wani birni na Amurka, inda na je ganin 'yata, surukina ya kai ni gidan adana kayan tarihin wasan da suke kira besbol, wanda ake dukan 'yar ƙaramar ƙwallo da kulki. Wasan bai taɓa shiga raina ba, amma wata riga da na gani cikin gilashi ta tsayar da ni. Ta ulu ce mai kauri, da kwala da maɓallai, irin wadda mutum zai sa ya je ɗaurin aure a ƙasar sanyi. Surukina ya ce da irinta 'yan wasan farko suke gudu cikin zafin rana, wasu har da malafa a ka, sai daga baya aka rage tsawon wando don safa mai launi ta fito a riƙa bambance ƙungiyoyi daga nesa. Na yi dariya har mai gadi ya waiwayo. Na zaga ƙasashe, na ji labarin wasanni da harsuna dabam-dabam, kuma kusan ko'ina haka take: rigar wasa ta farko, wanda ya san tufafi ne ke yin ta, ba wanda ya san wasa ba. Mu ma a Nguru haka aka yi mana.

Lokacin ban daɗe da fara tsiro gashin baki ba. Muna buga tamaula a wani fili bayan tashar jirgin ƙasa, inda warin fatu da na busasshen kifi ke haɗuwa da hayaƙin gawayin jirgi. Mai koya mana wani ma'aikacin reluwe ne daga kudu, Hausarsa ta kasuwa ce, komai namiji yake mai da shi in yana magana. Da bazara ta shigo ya kawo labari cewa samarin Gashua sun gayyace mu wasa, amma da sharaɗi: sai mun zo da riguna iri ɗaya, don wani attajirinsu ya saya musu farare daga Kano kuma ba za su kara da masu tsumma ba.

Baffana tela ne, ya ɗinka mana riguna da akoko. Sai da ya gama muka lura cewa mu ma farare muka yi. Dole a rina. Marina kuwa a unguwarmu ta kakana ce.

Kakana mutumin Kano ne, fatauci ya kawo shi Nguru ya zauna, ya haƙa ramukan rini, Buzaye da Barebari suna zuwa sayen baƙin rawani a wurinsa. A hannunsa na tashi, domin mahaifina ya rasu ina ƙarami. Bai taɓa ganin wasan ƙwallo ba, amma ya riga ya yanke masa hukunci. A wurinsa makarantar rashin kunya ce, inda yaro ke koyon shurin ɗan'uwansa a gaban mutane. Ya sha gaya mini cewa ruwan farko na sauka zan ajiye ƙwallo, in na taso makaranta in zarce marina. Wannan wasa na Gashua shi ne na ƙarshe, kuma na san haka.

Da wasan jika da kaka na shiga masa. Na ce an ce tsufa ya sa hannunsa ya daina kama launi, shi ya sa muke tunanin kai rigunan Hadejia. Ya kira ni ɗan banza mai ƙafar zalɓe, ya ce in zubo su nan.

Kai mai karatu, in ba ka tashi kusa da marina ba, bari in gaya maka. Rini iri biyu ne. Akwai wanda ake tsomawa cikin ruwan baba a wanke a shanya, a sa yau da gobe. Akwai kuma na alfarma, wanda bayan an rina ake shafa masa shuni a kai mabuga a yi ta dukansa bisa gungume har ya yi ƙyalli kamar bayan ƙwaro. Wannan ba a wanke shi. Idan ya bar shuɗi a goshin mai rawani, wannan shi ne shaidar cewa abin na gaske ne. Kakana ya ji cewa za a kai aikinsa gaban jama'ar wani gari, don haka na alfarma ya yi. Har yau ina jin ƙarar bugun nan, kwaf-kwaf, tana tashi tun da hantsi.

Da mai koya mana ya taɓa riga ɗaya ya dubi yatsunsa, ya roƙi a wanke tukuna. Kakana ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce, "Ɗana, wa ya taɓa wanke shuni kafin mutane su gani?" Ya ƙara da cewa shi ma za shi Gashua, ba don ƙwallo ba, don ya ga yadda rininsa zai yi a rana. Kakata ta ce ashe tsohon nan ma ya kamu.

A bayan motar katako muka tafi, kakana yana gaba kusa da direba. Da muka fito fili cikin rigunan nan, rana ta dake su suna walƙiya. Masuntan Bade da suka taso daga bakin kogi suna nuna mu, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Na hango kakana a kan kujerar da aka ba shi gefen layi, ya gyara zaman rawaninsa.

Sai aka hura usur, sai gumi. Zafin Gashua a bazara ba ya tambayar asalin mutum. Kafin a je ko'ina shuni ya fara gangarowa wuyanmu da hannayenmu, wanda ya share fuska ya koma dodo. 'Yan kallo suka ɓarke da dariya, ana yi mana ba'a da Badanci da Barbarci da Hausa lokaci guda. Wani ya ɗaga murya ya kira mu Buzaye, ya tambaya ko raƙumanmu mun bar su a bakin gada. Fararen rigunan 'yan Gashua kuwa duk inda muka goga sai sun ɗauki tabo, attajirinsu yana ta kai-komo yana salati.

Can cikin zagaye na biyu, wani ɗan gabansu dogo ya yi karo da mai tsaron gidanmu ya faɗi. Wasa ya wuce gaba, idon kowa na kan ƙwallo. Na tsaya na cicciɓe shi ta kafaɗa na miƙar da shi. Ba a jima ba ƙwallo ta dawo, muka yi tsalle tare ni da shi, ya zame ya sake faɗuwa. Alƙalin wasa ya zo da gudu, ya ga shatin yatsuna biyar raɗau a kafaɗar farar rigarsa, ya ba su fenariti. Na buɗe baki, sai na tuna wanda ke zaune a gefen layi, na rufe. Da wannan ƙwallo ɗaya suka ci mu.

A hanyar komawa ba wanda ya yi waƙa. Na tabbata ta ƙare mini: an yi wa aikin kakana dariya a gaban gari guda, jikansa kuma shi aka kama da laifi. Da muka tsaya sallar la'asar a wani ƙauye, ina ta cuɗa hannu don ruwan alwala ya daina fitowa shuɗi, kakana ya zo ya tsuguna kusa da ni da butarsa. Game da dariyar, ya ce mutanen Gashua ba su san kaya ba ne, ai an ga yadda shunin ya zuba, ko na Sarki sai haka. Ya shiga wanke ƙafa.

"Na ga lokacin da ka ɗaga yaron nan," in ji shi. "Na kuma ga ba ka yi wa mai usur musu ba."

Na ce to, Kaka.

"In ruwa ya sauka ka ci gaba da shirmenka. Amma wata shekara rinin wanki zan yi muku, ku ba ku kai na alfarma ba."

Na buga ƙwallo har na bar garin neman ilmi, daga nan duniya ta buɗe.

Yanzu an cike ramukan marinar. A wurin akwai shago, yaron da ke ciki yana sayar da rigunan ƙungiyoyin Turai, masu santsi kamar leda, kowace da sunan wani baƙo a baya. Ba sa zuba, ba sa kuma gaya maka daga wace unguwa yaro ya fito. Ba na kuka da wannan, ko ni aka ba zaɓi a zafin bazara su zan ɗauka. Kwanan baya jikana ya zo yana sosa ƙeya, wai an kira shi gwajin ƙwallo a Gashua, ubansa ya ce ƙwallo lalata yara take yi, ko zan sa baki. Na tambayi uban ko ya taɓa ganin yaron a fili. Ya ce bai taɓa ba. Na ce to ba ni da ta cewa tukuna, shi ma ba shi da ita. A nema mana kujeru biyu a gefen layi.